Idan An Karɓe Kujera, Me Ya Rage Wa Mutum?

Wuraren karatu: Daniyel sura 1, da 5, da 6.

Ya ku 'yan ajin ƙarshe, dominku aka shirya wannan darasi. Amma ƙannenku na ƙananan azuzuwa, da malamai, da iyayenmu na ikkilisiya, kowa ya matso kusa, gama akwai rabonsa a ciki.

In aka tambayi ɗalibin sakandare abin da yake so ya zama, ba ya ɓata lokaci. Wannan ya ce gwamna, wancan ya ce manajan banki, wata ta ce alƙaliya a babbar kotu, wani kuma janar na soja. Ko masu cewa likita ma, in ka ɗan matsa musu, sai ka tarar motar likitan da gidansa suke hange, ba ɗakin marasa lafiya da ƙarfe biyun dare ba. Buri ba laifi ba ne, makaranta kuwa ba ta son ɗalibi marar buri. Sai dai ku lura, yawancin abubuwan nan kujeru ne. Kujera kuwa wani ne yake ba ka, wani kuma yana iya cewa ka tashi. A ƙasarmu Nijeriya an sha ganin sanarwa ɗaya tak a rediyo ta tashi ministoci da gwamnoni gaba ɗaya. An ga haka a 1966, an gani a 1975, an sāke gani a 1983. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. To, ranar da aka ce ka tashi, me za ka fita da shi daga ofis wanda yake naka na kanka?

Za mu nemi amsa wurin mutum biyu. Ɗaya yana cikin Littafi Mai Tsarki, ɗaya kuwa ɗan ƙasar Zazzau ne, wanda wasu daga cikin iyayenmu suka gani da idonsu.

Ɗalibi a ƙasar bauta

Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kwashi kayan Haikali, ya kuma kwashi waɗansu samari 'ya'yan manya. Kufan Babila yana cikin ƙasar Iraƙi ta yau, kudu da Bagadaza. Cikin samarin nan akwai Daniyel da abokansa uku. Aka sa su makarantar fada ta shekara uku, su koyi harshen Kaldiyawa da rubutunsu da iliminsu. In kun duba da kyau, makarantar kwana ce irin tamu: an raba su da gida, an ba su abinci, an sa musu mai lura da su, ga kuma jarrabawa tana jira a ƙarshe. Bambancin shi ne, su ba iyayensu ne suka kawo su da akwati da bokiti ba, kamo su aka yi.

An karɓe wa Daniyel ƙasarsa. An karɓe masa gidan ubansa da wurin sujadarsa. Har sunansa ba a bar masa ba, aka ce daga yau shi ne Belteshazzar. Yaro ne, bai da abin yi a kan waɗannan. Amma akwai abu biyu da suka rage a hannunsa, ya kuwa riƙe su gam.

Na fari, ya sa wa kansa iyaka. Ya ƙudura ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Ku lura da yadda ya bi da maganar. Bai tara 'yan'uwansa sun fasa ɗakin cin abinci ba, bai zagi mai lura da su ba. Ya roƙa cikin ladabi a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, sa'an nan a duba fuskokinsu. Ya san mutumin nan yana tsoron kansa ne a gaban sarki, saboda haka ya kawo shawarar da ba za ta jefa shi cikin hatsari ba. Wannan kaɗai darasi ne ga masu tsammani tsayawa kan gaskiya shi ne ɗaga murya.

Na biyu kuwa, wanda masu wa'azi suka fi tsallakewa, ya yi karatu. Bai ce ilimin arna ne ba zai koya ba. Bai ce shi mai addu'a ne, don haka Allah zai rubuta masa jarrabawa ba. Nassi ya nuna Allah ne ya ba su sani da fahimi, amma shekara uku suka yi a zaune suna koyo. Da ranar jarrabawa ta zo, sarki da kansa ya yi musu tambayoyi baki da baki, aka tarar sun fi masanan ƙasar nesa ba kusa ba. A irin wannan jarrabawa ba a shiga da takarda a ɓoye cikin safa.

Yanzu ku buɗe sura 5, gama nan ne zancenmu yake. Shekaru sun shuɗe, Nebukadnezzar ya mutu, Belshazzar yana mulki. Daniyel, wanda dā shi ne shugaban masu hikima na Babila, ga alama an ajiye shi gefe. Sarki ya yi wa manyansa dubu biki, hannu ya bayyana yana rubutu a bango, aka kira masana duka suka kāsa, amma ba wanda ya tuna da Daniyel sai da sarauniya ta shigo ta ambace shi. Da aka kawo shi ma, sai da sarki ya tambaya ko shi ne Daniyel ɗin nan na cikin kamammun Yahuza. Tsoho ne a lokacin, ba a gayyace shi bikin ba, amma abin da yake kansa yana nan. Da rana ta ɓaci, shi aka nema.

Sarki ya yi masa alkawarin rigar shunayya da sarƙar zinariya da matsayi na uku a mulki. Daniyel ya ce ya riƙe kyautarsa, zai karanta rubutun haka nan. Ya karanta, ya kuma faɗi fassarar da ba sarkin da zai so ji. Duk da haka aka sa masa rigar, aka yi shelar matsayinsa. A daren nan aka kashe Belshazzar, Babila ta faɗa hannun Mediyawa da Farisawa, a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu. Ku lissafa tsawon wannan muƙami: bai kai wayewar gari ba. Da a ce Daniyel ya sayar da gaskiya domin rigar nan, da ya yi cinikin asara mafi muni a tarihin Babila.

A sura 6 sabuwar gwamnati ta sāke ɗaukarsa, ta sa shi cikin mutum uku masu lura da hakimai 120. Abokan aikinsa suka yi kishi, suka bincike aikinsa ko za su sami ha'inci ko sakaci, ba su samu ba. Sai da suka ƙirƙiro doka a kan addu'a kafin suka iya kama shi. Labarin ramin zakuna kun san shi tun kuna makarantar Lahadi, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne binciken nan da ya fito fayau.

Yaron Anchau

Wani zai ce wannan zamanin annabawa ne. To, mu dawo gida.

An haifi Ishaya Audu a Anchau, ƙasar Zazzau, ran 1 ga Maris 1927. Zuriyarsa daga cikin Isawa take, wato jama'ar nan da ta taso a ƙarni na 19 daga koyarwar wani Malam Ibrahim na Kano, masu girmama Annabi Isa ƙwarai. A 1913 waɗansunsu suka sadu da Likita Walter Miller, Baturen mishan na C.M.S. da yake zaune a birnin Zariya tun 1905. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya faɗa wa wurin, ya kashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse. A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa. Daga cikin 'yar jama'ar nan, wadda ba ta da yawa, ba ta da dukiya, ba ta da sarauta, yaron nan ya fito. Ya yi karatu a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa. Ƙaramin gari ne Wusasa, amma shi ya reni Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin Kaduna yake ɗauke da sunansa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya girma.

Daga Wusasa Ishaya ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Legas, sa'an nan Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, shekarar da aka buɗe ta da ɗalibai 104 kacal. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan lamba. A dukan Nijeriya, jami'a ɗaya, ɗalibai 104. A 1951 ya wuce Ingila, ya ƙarasa karatun likita a London a 1954, daga baya ya ƙware a kan cututtukan yara. Ya koyar a makarantar likitoci ta Jami'ar Legas.

Akwai wani abu a tarihinsa da ya kamata mu tsaya a kai. Ya zama likitan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Sardauna jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, mai kishin addininsa, kowa ya san haka. Ishaya kuwa Kirista ne ɗan Wusasa, shi ma bai ɓoye ba. Mutum yana iya ba wani muƙami domin siyasa, ko domin a ce an yi raba daidai. Amma jikinsa, da jininsa, da asirin ciwonsa, ba ya miƙa su sai ga wanda ya tabbata ya iya aikin, kuma bakinsa yana da linzami. Wannan shi ne abin da ya faru da Daniyel a fadar sarakunan da ba addininsu ɗaya ba. Ku da za ku fita ku yi aiki tare da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, a ƙarƙashinsu ko a bisansu, ku sani shaidarku ta fari ita ce aikin hannunku. Wa'azin ma'aikacin da yake zuwa a makare yana tashi da wuri ba mai saurara.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba 1962, shugabanta na farko kuwa Norman Alexander ne, mutumin New Zealand. A 1966 aka naɗa Ishaya Audu ya gaje shi, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe jami'ar, yana da shekara 39. Ku dubi shekarar. A watan Janairu aka kashe Sardauna. A watan Mayu aka fara kashe-kashe a garuruwan Arewa, a Yuli aka sāke juyin mulki, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 ƙasa tana cikin yaƙin basasa. A cikin wannan guguwa ya riƙe jaririyar jami'a, ya yi shekara tara a kujerar. A zamaninsa aka kafa sashen koyon aikin likita, wanda har yau yake yaye likitocin da suke duba mu.

A 1975, shekarar da aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, ya sauka. Kujera ta fari ta tafi ke nan. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dakta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, ba su ci ba. Amma da NPP ta ƙulla yarjejeniya da NPN mai mulki, sai Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe daga 1979 zuwa 1983. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, aka kwashe 'yan siyasa da yawa aka tsare, har da shi. Mutumin da ya saba zama da shugabannin ƙasashen duniya ya shafe watanni masu yawa a kulle, yana dab da shekara sittin.

Da aka sake shi fa? Ya koma Samaru, kusa da jami'ar da ya taɓa shugabanta, ya buɗe asibiti, ya ci gaba da duba marasa lafiya, ya kuma ba da kansa ga aikin bishara. Soja sun iya karɓe ofis da mota da 'yancin tafiya. Ba su da dokar da za ta cire masa sanin yadda ake sauraron ƙirjin yaro mai tari, ko yadda ake gane jaririn da zawo ya ƙarar wa ruwan jiki. Uwar da ta goyo ɗanta da zazzaɓi zuwa wurinsa ba ta zo ganin tsohon minista ba. Ya rasu a 2005 yana da shekara 78.

A ganina shekarun nan na Samaru su ne suka fassara sauran rayuwarsa. Mun ga manya da yawa waɗanda in kujera ta kuɓuce musu sai su zama kamar kifi a tudu, su ƙare kwanakinsu suna zarya gidajen masu mulki ko za a tuna da su. Ba su da inda za su koma, domin tun farko kujerar ce kaɗai abin da suke da shi.

Zancen "expo"

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe ku kai tsaye, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

A 1977 takardun jarrabawar WAEC suka fita kafin ranar rubutawa, abin ya yi muni har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Tun daga lokacin kalmar "expo" ta zauna a bakin 'yan makaranta. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. A 1999 aka sāke wata dokar. Duk da haka cutar ba ta warke ba, sai ma sabon salo da ta yi. Dā takarda ce a cikin safa, ko rubutu a cinya. Daga baya ta koma wayar salula, da makarantun bayan gari inda ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo.

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba zan yi kamar hujjar banza ce ba. Ɗalibi zai ce, Malam, kowa yana yi. In na tsaya kan gaskiya na sami kiredit huɗu, wanda na fi shi a aji ya sayi takwas, shi zai shiga jami'a ni in zauna gida, ubana kuwa buhun masara ya sayar ya biya mini kuɗin jarrabawa. Wannan zafi ne na gaske. Yana yiwuwa ƙwarai ka yi gaskiya ka rasa shekara ɗaya, ko biyu. Ba zan yi muku alkawarin da Littafi Mai Tsarki bai yi ba. Daniyel ya yi gaskiya, ramin zakuna ya kwana.

Amma ku auna abin da mai satar ya saya. Ya sayi takarda. Takardar za ta iya buɗe masa ƙofa, ta zaunar da shi a kujera. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta zuba masa abin da ya kamata ya kasance a kansa. Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da hannu ya yi rubutu a bango, wato ranar da aka kawo masa mace mai naƙuda jini yana zuba, ko aka ce ya lissafa ƙarfen da gada za ta ci, ko aka tsayar da shi gaban yara sittin ya koya musu lissafin da shi kansa bai iya ba, ran nan satifiket yana cikin akwati, ba ya magana. Kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Matar nan za ta biya, masu bin gadar za su biya, yaran nan sittin za su fita da rabin ilimi su ma su nemi "expo". Shi ya sa ban yarda da masu cewa satar jarrabawa ƙaramin zunubi ne da ba ya cutar kowa ba. Wanda aka cuta bai iso ba ne tukuna.

Akwai kuma asarar da take cikin mutum. Wanda ya san takardarsa ta ƙarya ce, kullum a tsorace yake. Ba ya iya cewa a'a ga maigidansa in an sa shi abin da bai dace ba, domin ya san in aka kore shi ba shi da abin da zai kai kasuwa. Daniyel ya iya ce wa sarki ya riƙe kyautarsa domin sarki ne yake bukatarsa.

A nan dole in juyo wurin iyaye da mu malamai. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba shi da kuɗin sayen sakamako, wani ne yake ba shi. Uban da ya tsaya a majami'a ran Lahadi ya yi addu'a Allah ya ba ƙasa shugabanni masu gaskiya, ran Litinin kuma ya kai ɗansa inda za a rubuta masa amsa, ya riga ya koya wa yaron wanne ne na gaske cikin biyun. Malamin da ya ƙi shiga aji duk zango, sa'an nan ya ce zai "taimaki" yara a ɗakin jarrabawa, sau biyu ya cuce su.

Ba waliyyi ba ne

Kada wani ya ɗauka na kawo Farfesa Audu ne domin in ce ba shi da aibu. Ɗan adam ne, ya kuma shiga siyasa, inda ba a fita da farar riga sarai. Ga misali ɗaya da nake so manyan ɗalibai su tauna. A watan Janairu 1983 gwamnatin da yake minista a cikinta ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Nijeriya. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, da yawansu 'yan Gana, akwai kuma 'yan Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. An sha wahala ƙwarai a kan iyakoki da tashar jiragen ruwa, har waɗansu suka mutu. Daga ma'aikatar harkokin cikin gida sanarwar ta fito, amma gwamnati ɗaya ce, ma'aikatar harkokin waje kuwa ita ce mai fuskantar maƙwabta.

To, mai bi da ya sami kansa a irin wannan majalisa, me ya kamata ya yi? Ya ajiye aiki? Ya zauna domin ya rage ɓarna daga ciki? Daniyel ma ya yi wa Nebukadnezzar aiki, sarkin da ya ƙone Urushalima. Ya zauna a fada, amma akwai inda ya ja layi, ya kuma ja shi tun yana ɗalibi, a kan ƙaramin abu kamar kwanon abinci. Ni dai abin da na gani ke nan: wanda bai saba cewa a'a a kan ƙaramin abu ba, bakinsa ba zai iya furta ta ba ran da babban ya zo. Sauran muhawarar na bar wa taron zumuntar ɗalibai, ku yi ta da Littafi a buɗe, kada kuma ku yi saurin yanke wa kowa hukunci.

Ga waɗanda ba za su jami'a ba

Ba dukanku ne za ku sami shiga jami'a ba, gara a faɗa. Waɗansu za su kwalejin horon malamai, waɗansu makarantar aikin jinya, waɗansu za su koyi ɗinki ko kanikanci ko gyaran waya, waɗansu kuma gona za su koma. Kada ku ce darasin nan na farfesoshi ne. Ma'aunin ɗaya ne. Telan da yake yanka yadi daidai, yake kuma mayar wa mai kaya ragowar ƙyallensa, yana da abu biyun nan da Daniyel ya riƙe, iyawa da amana. Ungozomar da ta san lokacin da haihuwa ta fi ƙarfinta, ta ce a tafi asibiti tun da sauran lokaci, ta fi mai babban digirin da ba ya zuwa wurin aiki amfani ga garinsu. Ku 'yan mata musamman, kada wani ya ce muku karatunku zai ƙare a madafa saboda haka ba sai kun dage ba. Miji yana iya mutuwa, yana iya rasa aiki, abin da kika koya kuwa yana tare da ke.

Lokacin hutu ku karanta surori ukun nan a jere, a zama ɗaya, ba aya ɗaya ɗaya ba. Ku ƙirga sarakunan da Daniyel ya yi wa aiki, ku kuma duba ayar ƙarshe ta sura 1, ku lissafa shekarun da ke tsakanin zuwansa Babila da shekarar fari ta sarki Sairus. Wanda kuma hanya ta kai shi Zariya, ko don jarrabawar shiga jami'a ko don ziyara, ya ratsa Wusasa. Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda magina Hausawa suka gina da ƙasa a 1929, tana nan tsaye. Ku nemi dattawan wurin ku gaishe su da ladabi, ku roƙe su su ba ku labarin Gimi da na yaran da suka yi karatu a makarantar, ku rubuta abin da kuka ji ku kawo wa kwamitin wannan mujalla domin fitowa ta baɗi.